Ƙanzon Tukunyar Tururi Da Maganinsa

Duk wanda ya saba zama wurin mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, in ya leƙa cikin butar da a ke dafa ruwa, ya kan ga wani farin abu ya like a gindinta kamar ƙanzon tuwo. Mu ma da mu ke shan ruwan rijiyar burtsatse a Darmanawa mun san shi cikin tukwanenmu na dafa ruwan zafi. Mai shayi ba ya damuwa da shi ƙwarai, gama iyakar ɓarnar da zai yi masa ita ce ruwa ya daɗe bai tafasa ba, itace ya ƙare da wuri. Amma ƙanzon nan, in ya sami shiga tukunyar tururi ta masana'anta, ya kan cinye dukiya, wani lokaci har da rayuka. Tun da ya ke da yawa daga cikinmu za su fita su yi aiki inda a ke hura irin tukwanen nan, waɗansu kuwa su koyar da masu hura su, mun ga ya kamata mu yi bayanin abin da ke kawo shi, da yadda a ke tsare kai daga sharrinsa.

Da fari sai mu san fasalin tukunyar. Wata babbar ganga ce ta ƙarfe, kwance, cike da ruwa har wajen kashi uku cikin huɗu. An ratsa cikinta da babban bututu guda inda wuta ke ci, da waɗansu ƙanana masu yawa inda zafi da hayaƙi ke bi kafin su fita ta bututun hayaƙi. Watau wuta tana cikin bututu, ruwa yana kewaye da shi daga waje. Wani Bature mai suna Richard Trevithick ya ƙera mai bututu ɗaya a Ingila wajen 1812. Cikin 1829 George Stephenson da ɗansa Robert suka fito da kan jirgin ƙasa mai suna Rocket, wanda tukunyarsa ke da bututun jan ƙarfe 25, tun daga nan sauran maƙera suka bi sawunsu.

Irin wannan tukunya ce ta jawo jirgin ƙasa sa'ad da layin dogo ya iso Kano cikin 1911, ita ce kuma ta yi shekaru tana kwashe gyaɗar dalar Kano zuwa Ikko, ana ƙona mata kwal na Inugu. Ma'aikatan loko na zamanin nan sun san ranar wanke tukunya kamar yadda su ka san ranar albashi: a kashe wuta, a kwance matosai, a feshe cikinta da ruwa, a zaƙulo laka da ƙanzo da sandunan ƙarfe. Jiragen kwal sun wuce, masu shan man dizal sun gaje su, amma tukunyar ba ta wuce ba. Tana nan a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, wurin masu turara shinkafa, da masu tatsar mai, da masu jima, da masu rini.

To, ina ƙanzo ke fitowa, alhali ruwan da a ke zubawa garau ya ke kamar idon zakara? Amsa ita ce, ruwa ba ya tafiya hannu sake. Sa'ad da ruwan sama ya nutse cikin ƙasa, ya kan narkar da ɗan abin da ya tarar cikin duwatsu, ya tafi da shi a ɓoye, kamar yadda sukari ke ɓacewa cikin shayi. Manyan abubuwan da ya ke ɗaukowa su ne dangin alli da farar ƙasa, waɗanda masana ke kira kalsiyam da magnisiyam, sai kuma silika, watau asalin yashi. Inda dutsen farar ƙasa ya yi yawa, kamar Kalambaina ta Sakkwato inda a ke yin siminti, ruwan ƙasa ya kan ɗauko alli mai yawa. Inda kuwa dutsen ƙasa irin mai taurin nan ne, kamar ƙarƙashin Kano, silika ce abin sa wa ido. Turawa suna ce da ruwa mai yawan alli ruwa mai tauri, alamarsa kuwa mata masu wanki sun riga kowa saninta: yana cin sabulu, ba ya kumfa.

In ruwan ya shiga tukunya ya ji wuta, abu biyu ke faruwa. Na ɗaya, zafi ya kan kori wata iska da ke riƙe da allin a narke, sai allin ya fito fili ya zauna a kan ƙarfe. Akwai ma wani irinsa, ɗan'uwan farin garin nan da a ke yi wa rufin ɗaki ado da shi, wanda halinsa ya saɓa wa na gishiri da sukari: iyakar zafin ruwa, iyakar ƙin narkewarsa. Sabo da haka wurin da ya fi ko'ina zafi, nan ya ke zaɓa ya like. Na biyu, tururi in zai tashi, ruwa zalla ya ke ɗauka, ya bar dukan kayan da ruwan ya zo da su a cikin tukunya. Kullum ana ƙara sabon ruwa, kullum kaya na taruwa.

Bari mu yi lissafi, don abin ya fito sosai. A ce tukunya tana mai da lita 1,000 ta ruwa tururi cikin sa'a guda, a ce kuma kowace lita tana ɗauke da miligiram 200 na alli. Cikin sa'a ɗaya an bar giram 200 ke nan a ciki. In an yi aikin sa'a 10 a yini, ya zama kilo 2. In an yi kwana 300 a shekara, ya zama kilo 600, watau nauyin buhun siminti 12. Wane mai hankali ne zai yarda a zuba masa buhun siminti 12 cikin tukunyarsa? Amma wanda ya ke ɗura mata ɗanyen ruwan rijiya ba da magani ba, abin da ya ke yi ke nan da hannunsa, sannu sannu.

Ɓarnar ƙanzo ta fari a aljihu ta ke. Ƙarfe yana miƙa zafi da sauri, ƙanzo kuwa kamar bargo ya ke, ya kan fi ƙarfe nawar miƙa zafi ninki ashirin ko fiye, na silika ma ya fi haka nesa. Zafin da ya kamata ya shiga ruwa sai ya bi hayaƙi ya fice. An auna an ga ƙanzon da kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba yana ɓatar da wajen kashi 2 cikin 100 na makamashi, in kuwa mai silika ne da tsatsa, ya kan kai kashi 7. Mai masana'anta ya yi ta sayen baƙin mai ko gas, yana zargin ma'aikata da sata, alhali ɓarawon na kwance cikin tukunya.

Ɓarna ta biyu ita ce mai ban tsoro. Abin da ke hana bututu narkewa, ko da ya ke harshen wuta na lasarsa, shi ne ruwan da ke bayansa yana ɗauke zafin nan da nan. In tukunya tana aiki da matsin kilo 10 a kan kowane murabba'in santimita, zafin ruwanta ya kan ɗara digiri 180 kaɗan, ƙarfe mai tsabta kuwa ba ya nisa da wannan ƙwarai. Amma in ƙanzo ya shiga tsakanin ƙarfe da ruwa, sai zafin ƙarfe ya yi ta hawa. Da ya haura wajen digiri 450 ya fara rasa ƙarfinsa, ruwa kuwa na danna shi daga waje, sai ya lotsa ciki. Bakin ƙananan bututu, inda su ka haɗu da faifan ƙarfen da ke riƙe da su, ya kan saki ya yi yoyo, faifan kansa ya tsage tsakanin rami da rami. In ƙarfe ya yage gaba ɗaya, ruwan nan mai zafi ya kan juye tururi farat ɗaya, tururi kuwa yana neman wurin da ya fi na ruwa ninki 1,600. Cikin Afrilu 1865 tukwanen wani jirgin ruwa mai suna Sultana su ka fashe a kogin Misisifi na Amurka, mutum fiye da 1,000 su ka hallaka. Tukwanen masu bututun wuta ne, lakar kogin da ke taruwa tsakanin bututu kuwa tana cikin abubuwan da masana su ka ɗora wa laifi. Allah ya kiyashe mu.

Wani abin lura game da irin tukunyar nan shi ne, kunkunniya tana taruwa cikin bututu, inda buroshi ke kai wa gare ta da sauƙi, ƙanzo kuwa a bayan bututu ya ke, cikin matsatsin da hannu ba ya shiga, ido ma da ƙyar. Don haka a nan maganar mutanen da ta fi gaskiya, da su ka ce rigakafi ya fi magani. Rigakafin kuwa hawa huɗu ne.

Na fari, a san ruwan. Kada a dogara ga gani ko ɗanɗano, a kai shi a auna, a kuma sake aunawa da rani da damina, gama ruwan rijiya yana sauyawa. Ruwan famfo ma, ko na Challawa da a ka buɗe cikin 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ko na Tamburawa, an tace shi ne domin sha. Tace laka da kashe ƙwayar cuta ba sa fid da allin da ya narke.

Na biyu, a fid da allin tun ruwa bai shiga tukunya ba. Cikin 1841 wani malami na Abadin a ƙasar Sikotilan, Thomas Clark, ya gano in an zuba ruwan farar ƙasa daidai gwargwado cikin ruwa mai tauri, allin ya kan kwanta a ƙasa. Yau abin da a ka fi amfani da shi wata tukunya ce cike da 'yan ƙwayoyi kamar gero, irin waɗanda Adams da Holmes su ka fara haɗawa a Ingila cikin 1935. In ruwa ya ratsa su, sai su kama alli, su sakar masa sinadarin gishiri a madadinsa, wanda ba ya yin ƙanzo. In sun ƙoshi, a kan wanke su da ruwan gishiri, su koma sababbi. A nan ne a ka fi yin sakaci: gishiri ya ƙare, ba wanda ya kula, ruwa ya yi ta wucewa da allinsa. Sai a riƙa gwada ruwan da ke fitowa kowace safiya. A sani kuma ƙwayoyin nan ba sa kama silika. Inda ta yi yawa sai a nemi irin matatar da masu yin fiya wata ke aiki da ita. Tururin da ya gama aiki ya koma ruwa kuwa, in bai gauraya da mai ba, a mai da shi tukunya, gama ba shi da alli ko kaɗan.

Na uku, a sa magani cikin ruwan tukunya domin ɗan abin da ya kuɓuce. Sinadarin fosfet ya kan haɗu da alli ya mai da shi laka mai laushi wadda ba ta likewa. Jiragen ƙasa na Faransa sun yi amfani da tanin, watau irin sinadarin da ke cikin bagaruwar majema, don hana lakar dunƙulewa. Amma kada wani ya ji haka ya watsa bagaruwa ko kanwa cikin tukunya, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Magani da awo a ke sa shi, bisa ga shawarar wanda ya auna ruwan.

Na huɗu, a riƙa zubar da wani kashi na ruwan tukunya. Akwai famfo a gindinta, a kan buɗe shi na 'yan daƙiƙoƙi kowane kamu na aiki, laka ta fita. Akwai wani kusa da saman ruwa, mai rage kayan da ke narke. Ga irin tukunyar nan ba a so su wuce wajen miligiram 3,000 zuwa 3,500 cikin lita. In ruwan da ke shiga yana da 300, iyaka kuwa 3,000, to, tukunyar misalinmu tana bukatar a zubar da wajen lita 111 kowace sa'a. In an gaza haka kaya su taru, in an zarce a yi asarar ruwan da a ka sha wahalar dafawa.

Ta yaya za mu gane ƙanzo ya riga ya kama? A kafa ma'aunin zafi a bututun hayaƙi, a rubuta abin da ya nuna ran da tukunya ke da tsabta. In an ga yana hawa mako bayan mako, an kuwa share kunkunniya bai sauka ba, to, ruwa ba ya tsami banza. Sai a kashe wuta, a bari ta huce da kanta, a buɗe a duba. Yadda lemon tsami ke cinye ƙanzon buta, haka a ke wanke tukunya da ruwan asid wanda a ka gauraya da abin da ke kare ƙarfe, amma wannan aikin gwanaye ne, gama asid bai san bambancin ƙanzo da bututu ba. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta mai duba tukwane, wanda hukuma ta yarda da shi, ya bincike kowace tukunya aƙalla sau ɗaya cikin wata 14. Kada a ɗauki zuwansa kamar zuwan mai karɓar haraji, ran mai hura wuta ya zo tsarewa.

Abin da mu ke roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai shi ne, duk wanda Allah ya ɗora wa kula da tukunya, ya ajiye littafi kusa da ita. Kowace rana ya rubuta taurin ruwa, da gishirin da a ka zuba, da lokacin da a ka buɗe famfon gindi, da zafin hayaƙi. In mai gida ya ce kuɗin gishiri sun yi yawa, a buɗe masa littafin, a yi masa lissafin buhun siminti 12 ɗin nan, sa'an nan a tambaye shi kuɗin sabon bututu da na kwanakin da masana'anta za ta yi a rufe. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da a ka danƙa mana, amin.