Bikin kiɗa a fili: daɗin yana gaban dandamali, haɗarin yana bakin ƙofa

Kowace ranar 21 ga watan Yuni, birnin Bangui yakan bi sahun biranen da ke raya ranar kiɗa da waƙa, wadda ake kira Fête de la Musique da Faransanci. Ana kafa dandamali a cibiyar Alliance Française da wasu wuraren shaƙatawa, mawaƙa su yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya har dare ya yi nisa. Matasan Kokoro da sauran unguwannin Kilomita Biyar suna cikin masu marmarin zuwa, iyaye kuma suna cikin masu fargaba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma sanin inda haɗarin yake shi ne zai rage gardamar da ake yi a gidaje.

Daga ina bikin ya samo asali?

An fara shi a Faransa a shekarar 1982, lokacin da Jack Lang yake ministan al'adu, tare da Maurice Fleuret mai kula da sashen kiɗa a ma'aikatar. Manufarsu ita ce ƙwararru da ƴan koyo su fito tituna da filaye su yi kiɗa, jama'a su saurara kyauta. Yau ana yin bikin a ƙasashe sama da 100.

Sai dai ranar an zaɓe ta ne bisa yanayin Turai, inda 21 ga Yuni ce rana mafi tsawo a shekara, har ƙarfe tara na dare da sauran haske a Paris. A Bangui kuwa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma Yuni tsakiyar damina ce. Ke nan abin da Bafaranshe yake yi da haske, mutumin Bangui cikin duhu yake yin sa, yana duban hadari.

Kiɗa a fili ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Dandali, kalankuwa bayan girbi, wasannin Sallah da kiɗan dambe duk a sarari ake yin su, kuma a irin waɗannan wurare ne Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka yi suna. Abin da ya canza shi ne yawan jama'a, ƙarfin lasifika, da kuma katanga mai ƙofa ɗaya ko biyu da ake tara mutane a cikinta.

Abin da ke jan mutane

Na farko shi ne kiɗan kansa. Wanda ya saba jin waƙa a wayar salula yakan ji bambanci idan ganga ta buga a gabansa har ya ji ta a ƙirji. A dandamalin Bangui ana haɗuwa da salon motenguene na yankin Lobaye, wanda ƙungiyar Zokela ta yaɗa tun farkon shekarun 1980, da rumbar Kongo da ke ƙetaro kogin Ubangi, da waƙoƙin matasa cikin Sango da Faransanci.

Na biyu ya fi nauyi ga mazauna Kilomita Biyar. Bayan rikicin da ya ɓarke a watan Disamba na 2013, unguwar ta zama kamar tsibiri, inda fita daga cikinta yake iya zama sayar da rai. Da yawa suna tuna ranar 30 ga Nuwamba 2015, da Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin Koudoukou kafin ya wuce filin wasa na Barthélemy Boganda, yadda hanya ta buɗe a ranar. Tun daga nan duk taron da zai haɗa ɗan Kokoro da ɗan wata unguwa a fili ɗaya, ba tare da an tambayi sunan kowa ba, yana da daraja fiye da nishaɗi.

Na uku kuma kasuwa ce. Mai tsire, mai shayi, mai ruwan sanyi da ɗan kabu-kabu duk suna samun ciniki a irin wannan dare.

Inda rayuka suke salwanta

Yawancin mutane suna jin tsoron faɗa ko ɓarayin waya, kuma tsoron yana da tushe. Amma abin da ya fi kashe mutane da yawa lokaci guda a irin waɗannan bukukuwa shi ne turmutsitsi, kuma sau da yawa a wajen shiga ko fita yake faruwa.

A watan Yuli na 2011, mutum 7 suka mutu a Brazzaville yayin da jama'a ke kokawar shiga filin wasa na Félix Éboué don buɗe bikin FESPAM, abin da ya sa aka soke bikin na wannan shekara. A watan Mayu na 2009, mutum 11 suka rasu a Rabat ta Maroko lokacin fita daga wani wasa na bikin Mawazine. A Konakiri kuwa, a ƙarshen Yuli na 2014, wasan da aka shirya a bakin teku na Rogbané don murnar ƙaramar Sallah ya ƙare da mutuwar mutum sama da 30, galibinsu yara da matasa. Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba: a Duisburg ta Jamus mutum 21 suka mutu a 2010 a hanyar shiga wani bikin kiɗa.

Masana harkar taro sun bayyana yadda abin yake. Idan mutane suka kai kamar shida a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, babu wanda ke iya tafiya da ra'ayin kansa, taron ne yake ɗaukarsa. Na baya ba ya ganin cewa gaba ta toshe, sai ya ci gaba da turawa. Na gaba kuma ƙirjinsa yana matsewa har ya kasa jan numfashi. Mafi yawan waɗanda suka mutu rashin numfashi ne ya kashe su, wasu ma suna tsaye a kan ƙafafunsu.

A nan ne damina take shigowa. Da zarar ruwa ya tsuge ko wutar lantarki ta ɗauke, dubban mutane sukan nufi ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, cikin duhu da santsi.

Ƙananan wahalhalu

Akwai kuma abubuwan da ba sa kisa nan take amma suna barin tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin ƙarar sauti a wuraren kiɗa ya wuce desibel 100. Wanda ya tsaya kusa da lasifika ya koma gida kunnensa yana ƙara, alama ce cewa kunnen ya wahala, kuma idan aka maimaita ji yana raguwa ba ya dawowa. Ga ƙishirwa, ga sauron damina, ga ƙarancin makewayi, wanda mata suka fi shan wahalarsa. Wasu wuraren kuma ana sayar da giya, shi ya sa iyalai da dama ba sa barin ƴaƴansu su je, wasu kuma sukan zaɓi wasannin yamma kawai.

Sai hanyar komawa gida. Daga tsakiyar gari zuwa Kilomita Biyar tafiyar kilomita biyar ce, kamar yadda sunan ya nuna, amma da tsakar dare abin hawa yana wuya, kuɗinsa yana tashi, kuma ana iya cin karo da shingen bincike. An sha kafa dokar hana fita da dare a Bangui, don haka ya kamata a tabbatar da halin da ake ciki kafin a bar gida.

Shirin da ya kamata a yi

Wanda ya yanke shawarar zuwa, ya isa da wuri tun da sauran haske, ya duba ƙofofin fita nawa ne kuma wace ce a buɗe. Ya tsaya daga gefe, nesa da katanga, shingen ƙarfe da lasifika. Ya tafi da katin shaidarsa, ruwan sha, da takalmi mai riƙe ƙafa. Abokan tafiya su ajiye wurin haɗuwa a waje, domin layin waya yakan cunkushe a taro. A shirya da ɗan kabu-kabun da aka sani tun da rana, kuma a fita kafin waƙar ƙarshe. Ƙananan yara kuwa gida ya fi musu.

Idan matsi ya kama mutum, ya ɗaga hannuwansa gaban ƙirji kamar ɗan dambe don ya bar wa huhunsa wuri. Kada ya sunkuya ɗaukar waya ko takalmi. Kada ya yi ja da taron, ya bi shi yana karkata sannu a hankali zuwa gefe. Idan wani ya faɗi kusa da shi, a ɗaga shi nan da nan.

Babban nauyin dai yana kan masu shirya biki da hukumomin da ke ba su izini: kada a sayar da tikiti fiye da abin da fili zai ɗauka, a bar duk ƙofofi a buɗe lokacin tashi, a tanadi janareta da fitilu a hanyoyin fita, a ajiye ma'aikatan agaji, a kuma ba wani mutum ɗaya ikon tsayar da kiɗa idan ya ga gaba ta matse. Shugabannin matasa da na unguwa suna da damar yin waɗannan tambayoyi kafin ranar biki. Uban da ɗansa ya nemi izinin zuwa shi ma yana iya farawa da tambayoyi uku: da wa za ka tafi, ƙofa nawa wurin yake da su, kuma wa zai dawo da kai?