Allurar da ke sa jiki ya saki lokacin tiyata

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo ɗakin shan maganinmu hankalinta a tashe. Ƙaninta da ke aiki a birni ya yi ƙiba har ciwon suga da hawan jini sun kama shi, likitoci suka ce za su rage masa tumbi ta ƙananan huji. Ta ce mini, "Sista, an ce za a kashe masa jiki har ya daina numfashi. Ashe ba mutuwa ke nan ba?" Tambayarta tana bisa hanya. Tiyatar rage ƙiba sai a manyan asibitoci ake yin ta, amma allurar da ta ji labari ita ce dai ake yi wa mai ciwon matsarmama, da mai toshewar hanji, da sauran masu aikin ciki. Saboda haka ya kamata kowa ya san ta.

Idan za a yi wa mutum babban aiki, likitan sa barci yakan ba shi magani iri uku: na barci, na kashe zafi, da na sakin tsoka. Na ukun ba ya sa barci, ba ya kuma kashe zafi. Aikinsa kawai ya tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai jiki ya yi laƙwas. Asalinsa dafin kibiya ne na maharban Kudancin Amurka, ana kiransa kurare. Ya bambanta da dafin kwankwani na maharbanmu, wanda zuciya yake bugewa. A shekarar 1942, a birnin Montreal na Kanada, Dokta Harold Griffith da Dokta Enid Johnson suka yi amfani da shi wajen tiyata, daga nan ya bazu a duniya. Yau ana amfani da waɗanda aka haɗa a masana'anta, kamar rocuronium da atracurium.

A tiyatar ƙananan huji ba a tsaga ciki. Ana huda wuri huɗu ko biyar, a hura iskar kabon ciki ya tashi kamar ƙwarya a kife, a zura kyamara da dogayen kayan aiki. Idan tsokar ciki ta ɗaure, wurin sai ya matse, likita ba ya gani sosai. Idan kuma majinyaci ya motsa ko ya yi tari ƙarfe na kusa da hanji, ana iya samun rauni. Ga mai ƙiba matsalar ta fi yawa, don kitse ya riga ya cinye wurin. Shi ya sa wasu likitoci suka fi son tsokar ta saki ƙwarai har aikin ya ƙare.

Gaskiya ne tsokar numfashi ma tana saki. Don haka ake sa bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa hura huhu, likita na tsaye a kai. Zuciya kuwa tana ci gaba da bugawa. Akan manna wayoyi biyu a wuyan hannu, a aika ɗan lantarki sau huɗu a jere, a duba babban yatsa. Idan ya motsa sau ɗaya ko biyu, sakin matsakaici ne. Idan bai motsa ba ko kaɗan, ya yi zurfi.

Inda hatsarin yake shi ne ƙarshen aiki. Idan aka cire bututu alhali maganin bai gama fita ba, mutum zai kasa numfashi da kyau, ya kasa tari da haɗiya. Mai ƙiba da mai minshari sun fi shiga wannan hali. Ana karya maganin da neostigmine, amma ba ya aiki idan sakin ya yi zurfi. Sugammadex yana karya rocuronium cikin 'yan mintoci, sai dai yana da tsada, ba kowane asibiti ke da shi ba. Likita yakan duba abin da ke hannunsa kafin ya yanke zurfin da zai kai.

Ku ma kuna da naku aikin. Kada a ci abinci awa 6 kafin tiyata, kuma koko da kunu da madara duk abinci ne. Ruwa zalla a tsaya da shi awa 2 kafin lokaci, ko yadda likita ya faɗa. In kun ci, ku faɗa, don abin da ke tumbi yana iya komawa huhu, ya yi kisa. Ɗage aiki ya fi wannan sauƙi. Ku faɗa idan wani a danginku ya taɓa daɗewa bai farfaɗo ba bayan tiyata, ko zazzaɓi mai tsanani ya kama shi a kan gadon aiki. Ku kawo duk maganin da kuke sha, har na gargajiya. Macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, idan an yi mata sugammadex, ta ƙara da wata kariya har kwana 7.

Bayan aiki, ciwon maƙogwaro ko na kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma mai jinya da ya ga majinyaci na gani bibbiyu, ko ya kasa ɗaga kai, ko numfashi na yi masa wuya, ya kira nas nan take.

Matar nan ta buga wa ƙaninta waya a gabana, ta tuna masa ya faɗa wa likita yana minshari. Allah ya ba mu lafiya.