Waƙoƙin Renon Yara na Ingila da Ma'anonin da Ake Jingina Musu

Waƙoƙin reno su ne gajerun waƙoƙin da iyaye mata da masu goyo ke rera wa yara domin lallashi ko wasa, kuma a Ingila sun daɗe suna yawo a baka kafin a kai su takarda. Cikin tsofaffin tarin da suka iso wannan zamani akwai ɗan littafin da Mary Cooper ta buga a Landan wajen 1744, sannan a 1842 James Orchard Halliwell ya fitar da babban tari wanda ya mayar da su abin nazari. Tun daga nan masu bincike suka duƙufa wajen tono asirin da ake zaton an binne a cikinsu, har Katherine Elwes Thomas ta wallafa littafi a 1930 tana danganta da dama daga cikinsu ga sarakuna da fadawansu.

Wadda aka fi yi wa irin wannan fassara ita ce waƙar zoben furanni, wadda yara ke rerawa sun riƙe hannun juna suna zagaye, a ƙarshe kowa ya zube ƙasa ana dariya. An ce tana ba da labarin annobar da ta afka wa Landan a 1665: furannin su ne jajayen tabon da ke fitowa a jikin majinyaci, atishawar da ake yi a cikin waƙar alamar kamuwa ce, zubewar kuwa mutuwa. Bayanin yana da daɗin ji, sai dai ba a ga waƙar a buge a Ingila ba sai a 1881, cikin littafin Kate Greenaway, wato shekara 216 bayan annobar, kuma fassarar kanta ba ta ɓullo ba sai tsakiyar ƙarni na 20, balle ma a wasu yankunan babu atishawa a cikinta ko kaɗan. Waƙar baƙar tunkiya ma an jingina ta ga harajin ulu da Sarki Edward na Ɗaya ya ɗora a 1275, alhali ba a san ta a rubuce ba kafin 1744.

Waƙar Humpty Dumpty, wadda aka buga a 1797, kacici-kacici ce a ra'ayin yawancin masana, amsarta kuwa ƙwai, abin da in ya fashe ba mai iya ɗinke shi, kuma a siffar ƙwai Lewis Carroll ya fito da Humpty Dumpty a 1871. Zancen cewa Humpty Dumpty wata na'urar yaƙi ce ta lokacin yaƙin basasar Ingila ya samo tushe ne daga wata raha da Farfesa David Daube ya rubuta a 1956, wasu suka ɗauke ta da gaske.

Ba abin mamaki ba ne waƙa ta ɓoye manufa, domin Bahaushe ya san habaici, wato sukar mutum ba tare da kama sunansa ba, kamar yadda kishiyoyi ke yi a bakin turmi. Amma habaici ba ya cin sunansa sai wanda aka yi dominsa da masu sauraro sun gane, don haka da wuya a yarda da wanda mutanen zamaninsa ba su taɓa ambata ba sai jikokin jikoki. Wannan ne ma'aunin da Iona da Peter Opie suka bi a ƙamusunsu na 1951, kuma ƙalilan ne daga cikin fassarorin nan suka tsallake shi.