Kukan taya a jirgin saman da mutum ya harhaɗa da hannunsa

Duk wadda ta taɓa ɗora kayanta a motar kasuwa ta san wani gurnani da kan taso daga ƙarƙashin mota, yana ƙaruwa in direba ya taka, yana raguwa in ya sassauta. Yaron mota zai ce boris ne, wasu makanikai su ce rulma, a kuma ci gaba da tafiya har a kai tasha. A mota akan yi wannan ganganci a kwana lafiya, don in abu ya ɓaci sai a raɓe gefen hanya. To akwai masu jin irin wannan kuka da ba su da gefen hanyar raɓewa, su ne masu ƙananan jiragen sama da suka harhaɗa da hannunsu.

Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya ce. A Amurka akwai ƙungiyar masu wannan aiki da ake kira EAA, wadda aka kafa a 1953, kuma kowace shekara wajen ƙarshen watan Yuli jirage kimanin 10,000 ke taruwa a taronta na garin Oshkosh. Hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, ta yarda mutum ya ƙera jirginsa, da sharaɗin fiye da rabin aikin ya fito daga hannun masu yi don koyo ko sha'awa. Yawancinsu kan sayi kayan ne a akwati, kamar yadda tela ke karɓar yadin da aka riga aka yanka. Kamfanin Van's Aircraft na jihar Oregon shi ne gaba a wannan kasuwa, jiragensa masu suna RV fiye da 10,000 sun tashi. Har maƙwabtanmu sun taɓa: jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda aka harhaɗa kimanin 60 a Kaduna a shekarun 1990 don sojan saman Najeriya, daga samfurin RV-6A aka yi shi.

Wanda ya ƙera jirginsa a Amurka yana iya karɓar takardar izinin duba lafiyar jirgin da kansa sau ɗaya a shekara. Ke nan ranar da taya ta fara kuka, shi ne direba, shi ne makanike, shi ne kuma zai zauna a ciki in gyaran bai yi ba.

Tayar irin wannan jirgi ƴar ƙarama ce, faɗinta bai wuce santimita 36 ba, kusan ta baro. Amma dubi wahalar da take sha. Jirgin kan taɓa ƙasa da gudun kusan kilomita 100 a awa, tayar da ke tsaye cik a sama sai ta koma juyi kusan 1,500 a minti cikin ƙiftawar ido, ga nauyin jirgi ya faɗo mata. Bayan nan sai a kulle jirgin a rumfa mako uku ko wata guda ba ya motsi, raɓa da ruwan wanki suna neman hanyar shiga. Zaman nan yakan ci boris fiye da tafiyar.

A cikin kowace taya akwai boris biyu, na ciki da na waje. Yawanci irin mai ƴaƴan ƙarfe masu tsini ne, kamar an yanke kan tsinken mazari, wanda wani Ba'amurke mai suna Henry Timken ya yi wa rajista a 1898. Ƴaƴan suna gudu ne cikin wani zoben ƙarfe da aka dasa a jikin taya, noti ɗaya a bakin sandar taya ke riƙe da su duka. Ku riƙe zancen notin nan, za mu dawo kansa.

Waɗanda suka daɗe a harkar ba sa fara da kwance taya. Da kunne suke farawa. Yaushe kukan ke zuwa? In sai an taka birki yake tasowa, to a nemi laifin wajen birki. In yana bin gudun jirgi a ƙasa, yana kuma sauya murya in an karya kwana, zargi ya koma kan boris. Akwai kuma kukan da ke zuwa bayan jirgi ya bar ƙasa, wani nishi mai tsawo da kan tsorata sabon matuƙi. Dalilinsa, tayoyin na ci gaba da juyi a iska. Dabarar a nan mai sauƙi ce: matuƙi ya ɗan taka birki. Manyan tayoyi biyu za su tsaya nan take. In kukan ya ɗauke, a cikinsu yake. In ya ci gaba har ya mutu da kansa, tayar gaba ce, don ita ba ta da birki.

Daga nan sai a ɗaga ƙafar jirgin da jak, a juya tayar da hannu, a sa kunne. Boris mai lafiya ba ya magana. Wanda ya fara lalacewa yana ba da ji kamar ana tauna tsaki. Sai a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, a ji ko tana kaɗawa. Sau da yawa a nan ake gane cewa boris ɗin ba shi da laifi ko kaɗan. Takalmin birki yakan goga faifansa, ɗan gogan nan kuwa ba aibu ba ne. Yawancin jiragen nan suna da wata riga mai tauri da ake rufe taya da ita don iska ta wuce sumul, kuma tsakuwa, busasshiyar laka, har gidan zanzaro kan maƙale a cikinta, ko ita kanta rigar ta karkace ta riƙa shafar taya. Tayar da nauyinta bai daidaita ba kuma girgiza take kawowa, ba gurnani ba. Mutum na iya kashe kuɗin sabon boris, ya jira saƙo kwana da kwanaki, ashe tsakuwa ce guda.

In duk an kore waɗannan, sai a kwance. A wanke boris tas da man wanke ƙarfe, a busar, a duba ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya a wuri mai haske. Makanikan jirgi na hana abu ɗaya a nan: kada a sa iskar famfo ta riƙa juya busasshen boris don jin daɗin ƙararsa, yana iya tarwatsewa a hannu. Abin da ake nema shi ne ƴan ramuka kamar zanzana, layukan tsatsa inda ruwa ya kwana, tambarin da mugun sauka ya bari a jikin zobe, ko launin shuɗi da ke nuna ƙarfen ya sha wuta. In an ga ɗaya daga ciki, boris da zobensa ake sauyawa tare. Sabon boris cikin tsohon zobe asara ce kawai. Giris kuwa a tafin hannu ake zuba shi, a riƙa danna boris har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ba a haɗa iri biyu, don wasu in sun gamu sukan tsinke su zube.

To ga notin. A ganina nan ne yawancin kukan ke fitowa, nan ne kuma sabon maƙeri ya fi ruɗewa, don hankalin mutum na gaya masa abin da aka ɗaure tamau shi ne lafiya. Boris mai tsini ba haka yake ba. In an matse shi fiye da kima, giris ya gudu, ƙarfe ya ci ƙarfe, zafi ya tashi. In an bar shi sako-sako, taya ta riƙa kaɗawa tana dukan zobe. Abin da ya ƙara dagula lamarin, kamfanonin ba bakinsu ɗaya ba. A tayoyin Cleveland, akan ɗaure noti ana juya taya har boris ya zauna, a warware, sannan a sake matsewa kaɗan yadda taya za ta juya sakat ba kaɗawa. A tayoyin Matco masu robar toshiya a jikin boris, so ake a matsa har robar ta daina bin taya tana juyi, don haka tayar takan yi ɗan nauyi a hannu, kuma haka ya kamata ta yi. Wanda ya ɗauki ƙa'idar wannan ya kai wa waccan, ya sayi kuka da kuɗinsa. Ita kanta robar in ta bushe takan yi nishi, ɗan giris a leɓenta ya isa ya rufe mata baki. Shi ya sa takardar kamfanin da ya yi tayar ta fi shawarar maƙwabcin rumfa, ko da ya fi ka daɗewa a sama.

Abin da ke sa su wannan taka-tsantsan ba ƙyamar ƙara ba ce. Boris ɗin babbar taya in ya cije lokacin sauka, jirgi zai fizge gefe guda ya bar titi. Tayar gaba kuma in ta yi nauyin juyi a filin ciyawa ko ƙasa mai laushi, ƙafar na iya lanƙwashewa jirgi ya kifa ta ka, mutane biyu suna rataye da ɗamara a ciki.

Bayan an mayar da taya, sai a sa sabuwar ƴar ƙusa mai ƙafa biyu da ke hana noti warwarewa, ba a mayar da tsohuwa. A tuƙa jirgin a ƙasa, a je a dawo, a tsaya a kashe inji, a ɗora bayan hannu a tsakiyar kowace taya, nesa da faifan birki don shi dama yana ƙuna. In ɗaya ta fi ƴar'uwarta zafi, ko kunne ya sake kama gurnanin, jirgin ya koma kan jak. In shiru, mai jirgi ya rubuta kwanan wata da irin giris ɗin da ya sa a littafin jirgin, ya sa hannu.