Yadda Za Ka Nemi Labarin Kakanka A Tsofaffin Jaridu

Jama'a, dattawanmu suna ƙarewa, labarin gidajenmu yana tafiya da su. Amma abin da aka rubuta yana nan. Tun da ka iya karatu, kai ma kana iya neman labarin kakanka.

Fara daga gida. Tambayi tsofaffi sunansa da laƙabinsa, da sunan mahaifinsa da sana'arsa. Rubuta abin da suka faɗa.

Sai ka nemi shekara. Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi. In sun ce ya shiga soja lokacin yaƙin Hitila, to, tsakanin 1939 da 1945 ne. In sun ce shekarar naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, 1938 ke nan.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Lardin Sakkwato ma ya yi tasa jaridar, Zaruma, a shekarun 1950. Jaridu kan buga naɗin sarauta, da rasuwa, da wasiƙun masu karatu. Ana ajiye tsofaffinsu a Kaduna, a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Arewa House, tsohon gidan Sardauna.

Amma fa a kula. Jarida takan haɗa sunan mutum da garinsa kawai. Umaru nawa aka yi a Sanyinna? Nawa a Tambuwal da Kebbe? Kada ka ɗauki kakan wani ka ce naka ne. Sai sunan uba da sana'a da shekara sun dace.

In ka dace, kwafe labarin da kwanan watan jaridar, ka karanta wa 'ya'yanka.