Shago ko Ɗandunawa: Gardamar da Kalangu Ya Riga Ya Shiga

A majalisun Sakajiki da Ƙauran Namoda, ko a rumfunan mahauta ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci, ba a daɗewa da ɗauko hirar dambe sai an faɗa tsohuwar gardama: tsakanin Shago da Ɗandunawa wa ya fi? Galibin masu tada jijiyar wuya a kai ba su taɓa ganin ɗayansu ya ɗaure hannu ba. Abin da suka gada shi ne muryar Muhammadu Bawa Ɗan Anace a kaset da rediyo, kuma kowa ya san Shago ne ɗan gaban goshin makaɗin. Ke nan mai cewa Shago ya fi, sau da yawa shaidar makaɗi yake maimaitawa, shaidar mutumin da abincinsa ke cikin yabon.

Masoyan Shago suna da amsa mai nauyi. Makaɗin maza ba ya ɓata kiɗansa a kan rago, domin a gaban jama'a yake waƙa, a filin da aka ga wanda ya faɗi. Da Ɗan Anace ya zuga matsoraci, da 'yan kallo sun yi masa dariya tun kafin a kai turmi na biyu. Wannan gaskiya ne, sai dai iyakar abin da ya tabbatar shi ne Shago gwani ne. Bai nuna ya fi kowa ba. Waƙa tana riƙe ranar da aka yi kisa, ta tsallake ranar da aka tashi turmi uku babu kisa, balle ranar da gwaninta ya dafa ƙasa. Ga kuma ɓangaranci: damben gargajiya a rabe yake, Arewa da Kudu da Guramaɗa, kuma da wuya ɗan kallo ya yarda an fi nasu.

Wasu na ganin da an ajiye lissafi da magana ta ƙare. A Ostireliya, inda ake haukan ƙwallon zari-ruga, ana rubuta duk kamun da ɗan wasa ya yi da duk tazarar da ya ruga da ƙwallo, amma masoya ba su fasa musu a kan wa ya fi ba. A dambe lissafin ya fi rauni ma, domin a al'ada ba a raba 'yan wasa bisa nauyi. Ƙaton da ya yi ta zubar da ƙananan yara a ƙauyuka lokacin kaka zai tara kisa fiye da wanda ba ya shiga fili sai da manya. Bidiyon wayar salula ma bai warware ba. Yau ana ɗaukar wasannin gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja da na Kano, ana yaɗawa a Facebook da YouTube, amma abin da ke yawo shi ne 'yan daƙiƙun da mutum ya kifa. Mai yanka bidiyo shi ma zaɓe yake yi, kamar makaɗi, sai dai shi ba ya da kalangu.

Ma'aunin da ya fi tsayawa shi ne wanda tsofaffin 'yan dambe ke tambaya: da wa ya kara, a ina, kuma ya taɓa gudun wani? Da wannan ma'auni gardamar ke juyewa a kan masu ita. Girman Shago yana rataye ne a kan cewa ya tsaya gaban irin su Ɗandunawa, don haka duk mai ƙasƙantar da Ɗandunawa don ya ɗaga Shago, gwaninsa yake rage wa daraja, ya mayar da shi mai bugun ragwaye.