Haƙa Hanya Cikin Dutse: Ramin Gotthard

Wanda zai gina gada ko bene shi ke zaɓen kayan aikinsa. Zai sayi ƙarfen da ya san ingancinsa, ya gwada kankarensa, abin da bai yi masa ba ya mayar wa mai shi. Mai haƙa hanya cikin dutse ba shi da wannan gata. Dutsen da ya tarar shi ne kayan gininsa, kuma ba zai san halinsa ba sai ya shiga cikinsa. Kusan duk dabarun wannan sana'a daga nan suka samo asali, kuma ramin jirgin ƙasa na Gotthard da ke ƙasar Suwizalan ya isa misali.

Tsawonsa kilomita 57, babu ramin jirgin ƙasa da ya kai shi a duniya. Ya ratsa ƙarƙashin tsaunukan Alps daga Erstfeld a arewa zuwa Bodio a kudu, a kan hanyar kayan da ke kai-kawo tsakanin Jamus da Italiya. An soma babban aikin a 1999, aka buɗe shi ranar 1 ga Yuni, 2016. Tun 1882 akwai wani rami a tsaunin, mai kilomita 15, amma sai jirgi ya yi ta kewaye yana hawa har sama da mita 1,100 kafin ya kai bakinsa. Sabon ya bi ta gindin tsaunin, inda jirgin kaya zai wuce ba hawa ba gangara. Sai dai bin gindi na nufin zurfi, domin a wani wurin kaurin dutsen da ke bisa ramin ya kai mita 2,300.

Tun kafin a sa injin haƙa, masana duwatsu sun yi shekaru suna bin tsaunin, suna huda shi suna zaro curin dutse don su ga abin da ke ƙasa. Wurin da ya fi hana su barci shi ne yankin Piora, inda aka san akwai wani farin dutse mai marmashewa wanda ruwa ya jiƙe. Idan injin ya faɗa cikin irinsa a wannan zurfi, aikin na iya tsayawa ɗungurungum. Don haka aka haƙa ramin bincike na musamman mai kilomita biyar da rabi, can sama da inda ainihin ramin zai bi. A 1996 hudar bincike ta taɓo wurin, sai ruwa da yashi suka yi ambaliya cikin ramin, 'yan adawa da aikin kuwa suka samu abin faɗa. Aka ci gaba da huda zuwa ƙasa, sai aka tarar a zurfin da jirgi zai bi dutsen busasshe ne mai ƙwari. A 2008 injin ya wuce Piora lami lafiya. Wahalar kuwa a yankin Faido ta ɓullo, inda ba a zata ba. Can aka ci karo da ruɓaɓɓen dutse da binciken bai nuna ba, har ta kai aka sake zane aka gusa da wani sashe na wata tasha da za a gina a ƙarƙashin ƙasa. Mai haƙar rijiya ba zai yi mamakin wannan ba, shi da ke samun gaba uku na jar ƙasa, sai yashi mai zubowa, sai kuma fa, alhali rijiyar maƙwabcinsa ba haka ta zo ba.

Hanyoyin haƙa iri biyu ne. Ta farko ita ce a huda fuskar dutsen, a cusa nakiya, a fasa, a kwashe. Ta biyu injin haƙa ne mai zagayayyen kai wanda faɗinsa ya kai kamar mita tara, ɗauke da fayafayan ƙarfe da ke murƙushe dutse yayin da kan ke juyawa. Injin yana tokare jikinsa da bangon ramin ya tura gaba, ɓaraguzai kuma na fita ta baya a kan bel. Huɗu aka yi amfani da su a Gotthard, ƙirar kamfanin Herrenknecht na Jamus, kowanne da tarkacensa ya haura mita 400, kuma su suka haƙa kusan kashi 80 cikin ɗari na manyan ramuka biyu da jirage ke bi. Injin yana da sauri idan dutse na da kyau. Idan dutse ya lalace kuwa yana iya maƙalewa, ba gaba ba baya, shi ya sa ake komawa ga nakiya a wuraren da ba a amince da su ba.

Sedrun na cikin irin waɗannan wurare, kuma nan ne aikin ya fi ban sha'awa. Don a rage shekarun haƙa, an raba ramin kashi biyar ana haƙa su lokaci guda. Kashin Sedrun ta sama aka shige shi: aka yi kilomita ɗaya cikin tsauni, sannan aka haƙa ramuka biyu a tsaye masu zurfin mita 800, ta nan ma'aikata da injuna da kankare ke sauka. Dutsen da ke can ƙasa mai laushi ne, nauyin tsauni na matsa shi, duk ramin da aka buɗe sai ya riƙa tsukewa a hankali. Da za a tare shi da bango mai tauri nan take, bangon ne zai fashe. Sai injiniyoyi suka haƙa ramin ya fi yadda ake buƙata faɗi, suka kafa zobban ƙarfe masu gaɓoɓin da ke zamewa cikin juna. Dutsen ya matso, zobban su tsuke tare da shi, har ƙarfin matsin ya ragu su tsaya cak. Wani lokaci abin da ake ci a yini bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba.

Wannan tunani na barin dutse ya ɗauki nauyin kansa ya girmi sabon ramin Gotthard. Injiniyoyin Ostiriya, musamman Ladislaus von Rabcewicz, su suka tsara shi a farkon shekarun 1960. Da zarar an fasa sai a fesa kankare a jikin dutsen, a soka dogayen sandunan ƙarfe su ɗinke shi, sannan a riƙa auna motsin bango kullum. Awon ne zai ce a ƙara tallafi ko a bari haka. Dabara ce mai kyau, amma ba ta yafe sakaci. A 1994 ramin da ake haƙawa da ita a filin jirgin sama na Heathrow a Landan ya rufta, bincike kuma ya nuna alamun haɗarin suna cikin awon da ake ɗauka, ba a dai yi aiki da su ba.

Ruwa ma yana da nasa sharrin, kuma ba a cikin ramin kaɗai ba. Rami yana tsotse ruwan da ke cikin tsagogin dutse, tsagogin su rufe, ƙasar da ke sama ta ɗan nutse. Suwizalan ta ga haka a 1978, lokacin da madatsar ruwa ta Zeuzier ta tsattsage bayan wani ramin bincike da aka haƙa a kusa ya janye ruwan dutsen. Da yake Gotthard zai bi kusa da madatsun Nalps da Curnera da Santa Maria, sai aka kafa na'urorin awo a kansu ana lura da su dare da rana. Ga kuma zafi: dutsen ya kai digiri 45, sai da aka girka injunan sanyaya iska don a sauko da wurin aiki zuwa 28. Duk da wannan tanadi, ma'aikata tara sun rasa rayukansu. A tsohon ramin na 1882 kusan 200 ne suka mutu.

Masu awo kuwa sun cancanci yabo. Babu tauraron ɗan'adam da ke ganin cikin dutse, da na'urar auna kusurwa da hasken leza suke bin layi daga alama zuwa alama. Ranar 15 ga Oktoba, 2010, da masu haƙa daga Faido suka haɗu da na Sedrun, saɓanin santimita 8 ne a gefe, 1 a tsaye.

Ramuka biyu aka yi, kowanne da layin dogo ɗaya, da ƙananan hanyoyi da ke haɗa su a kusan kowace mita 325, don idan gobara ta tashi a ɗaya mutane su tsere zuwa ɗayan. Hayaƙi shi ne babban makashi a rami, shi ya sa iska ke da injiniyoyinta. Alhazan da suka bi ramukan Mina sun ga manyan fankokin nan rataye a rufi.

An tsara Gotthard ya yi shekara ɗari, amma da sharaɗin kulawa. A wasu darare akan rufe rami ɗaya, ma'aikata su shiga su wanke magudanan ruwa da farar ƙasa ke toshewa, su duba bango da waya da dogo. Japan ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan: a Disamba 2012 allunan kankaren rufin ramin Sasago suka zubo kan motoci, mutum tara suka mutu, saboda ƙusoshin da ke riƙe da su sun saki ba a gano ba. Daga 2014 doka ta wajabta duba kowane ramin mota a ƙasar ido da ido duk shekara biyar.

Babbar ɓarnar da Gotthard ya gani zuwa yanzu ba daga dutse ta zo ba. Ranar 10 ga Agusta, 2023, ƙafar wani taragon kaya ta karye, jirgin ya goce kusa da Faido bayan ya lalata dogo na kimanin kilomita bakwai. Babu wanda ya ji rauni, amma da yake dogon a cikin kankare yake dashe, sai da aka farfasa aka sake zubawa, cikin zafi da ƙuncin wuri, yayin da jiragen kaya ke bin ɗaya ramin. Ba a koma cikakken aiki ba sai ranar 2 ga Satumba, 2024.